Ruwa da Maƙwabtaka: Kare Gida da Shago daga Ambaliya a Zangon Kumasi

Birnin Kumasi, fadar masarautar Asante a ƙasar Ghana, yana zaune ne a kan tuddai da kwaruruka, kuma ta cikin waɗannan kwaruruka ne rafuka irin su Subin da Aboabo da Sisa da Wiwi suke gangarawa kudu har ruwansu ya tarar da Kogin Oda. Birnin yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, kuma damina biyu yake yi, babba daga Maris zuwa Yuli da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, don haka mai gida a nan sau biyu yake shirin da takwaransa na Kano ko Maraɗi yake yi sau ɗaya. Unguwannin zango, waɗanda suka bunƙasa bayan shekarar 1900 sa'ad da fataken goro da na dabbobi daga arewa suka yi ta kafa gidaje, sun cika sun batse, har gine-gine a wurare irin su Aboabo da Sawaba da Moshie Zongo suka gangara zuwa bakin rafi, inda a da ciyawa da gonakin lambu ne kawai.

Ambaliyar da ke addabar waɗannan unguwanni ta sha bamban da ta manyan koguna irin su Volta, wadda ke tasowa a hankali cikin kwanaki. Ta Kumasi mai zuwa ce farat ɗaya, takan cika lungu cikin sa'a guda, ta janye kafin gari ya waye, ta bar laka da asara. Dalilinta yana cikin lissafi mai sauƙi: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yakan zubar da lita 5,000 idan aka yi ruwan milimita 50. A da ƙasa da fadamu suna shanye kaso mai yawa na wannan ruwa, amma yanzu da aka shafe tsakar gidaje da siminti, aka cike fadamu aka yi gini, kusan dukkansa kwata yake nufa a lokaci guda, kwatar kuwa ta riga ta cushe da yashi da ledar ruwan sha da robobi. Ko manyan gine-gine ba su tsira ba, domin a watan Yuni na 2021 ruwa ya shiga sabuwar kasuwar Kejetia bayan mamakon da aka yi.

Dabarar da ta fi yaɗuwa a zango ita ce ɗaga dokin ƙofa, wato a gina jeri ɗaya ko biyu na bulo a bakin ƙofar gida ko ta ɗaki, a shafe da siminti, mutane su riƙa tsallakawa. Tana da araha kuma tana tare ƙaramin ruwa, sai dai tana da illar da ba a cika lura da ita ba sai an gamu da ita. Gidan zango galibi ɗakuna ne a kewaye da tsakar gida wadda ba ta da rufi, kuma duk ruwan kwanon ɗakunan nan cikinta yake zuba, ya fita ta rariya guda. Idan aka ɗaga titi ko aka cike lungu har ya fi tsakar gida tudu, ko kuwa kwatar waje ta cika, rariyar takan juyo da ruwa ciki maimakon ta fitar, sai katangar da aka gina don tare ruwan waje ta koma tana tsare na ciki. Maganin wannan shi ne a sa wa bakin rariya murfi mai buɗewa waje kaɗai, wanda ƙarfin ruwan kwata ke rufewa da kansa, sannan a tara ruwan indararo a tanki ko durom, a kuma bar wani sashe na tsakar gida da tsakuwa ko ƙasa domin ya sha ruwa. Gindin bango ma yana bukatar shafen siminti mai ƙarfi, musamman a tsofaffin gidajen ƙasa, domin jiƙewar tushe ce ke kayar da gini, sau da yawa kwanaki bayan ruwan ya wuce.

Babbar matsalar ita ce ruwan da aka hana shiga gida ɗaya ba ya ɓacewa, gidan da ke ƙasa da shi yake nufa. Idan mai hali ya cike filinsa da jar ƙasa ya ɗaga harsashi, maƙwabcinsa marar hali ne zai kwana yana kwarfe ɗaki, kuma idan kowa ya yi haka, lungun kansa ne zai zama rafi. Malaman fiƙihun Malikiyya, mazhabar da mafi yawan mutanen zango ke bi, sun daɗe da tattauna wannan a babin hana cutar da maƙwabci, kuma Ibn al-Rami, wani magini masani da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini wanda ya taɓo indararo da magudanar ruwa tsakanin maƙwabta. Abin da ke ƙara dagula lamarin a zango shi ne yawancin gidajen na gado ne da magada da yawa suka haɗa, mazauna kuma 'yan haya ne, ta yadda wanda ruwa ke ci ba shi da ikon gyara, mai ikon gyara kuwa wataƙila yana Accra ko ƙasar waje. Nan ne sarakunan zango da limamai ke da tasirin da jami'in gwamnati ba shi da shi, domin su ne za su iya zaunar da magada a raba kuɗin gyara, su kuma kira aikin gayya na yashe kwata a watan Fabrairu da kuma Agusta, kafin kowace damina. Yashewar ma ba ta da amfani idan aka jibge dattin a bakin kwata, kamar yadda aka saba gani, domin ruwan farko zai mayar da shi inda aka ɗebo shi.

Ga mai shago, asarar tana bin abin da ke ƙasa. Buhunan shinkafa da masara da sukari da bandiran atamfa suna bukatar dakali ko katako mai tsayi, injin niƙa da firiza da keken ɗinki su hau kan ginin bulo, shagon kwantena kuwa kada a ɗora shi a kan kwata ko da wurin ya fi kusa da masu saye. Soket da mitar wuta a ɗaga su sama da alamar da ruwan bara ya bari a bango, a kuma kashe wuta daga babban makunni da zarar ruwa ya fara shigowa. Bala'in 3 ga Yuni 2015 a Accra, inda man fetur ya bi saman ruwan ambaliya ya kama wuta a gidan mai na Kwame Nkrumah Circle har mutane sama da 150 suka rasu, ya isa gargaɗi ga masu ajiye fetur da gas a shago.

Ta fuskar hukuma, Ghana ba ta rasa dokoki ba. Akwai hukumar NADMO mai kula da bala'o'i tun 1996, akwai manufar 2011 da ta tanadi a bar fili ba gini a gefen rafuka, akwai kuma Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, wanda tsafta da ababen more rayuwa ke cikin aikinsa. Rushe gidajen da suka tare hanyar ruwa, wanda akan yi barazanarsa bayan kowace ambaliya, ba ya ɗorewa muddin ba a tanadar wa mazauna wurin komawa ba, kuma manyan magudanai da faɗaɗa kwalbati aiki ne da ya fi ƙarfin unguwa, sai majalisun Kumasi da Asokore Mampong da gwamnatin tsakiya. Inshora kuwa ba ta samu karɓuwa sosai a tsakanin ƙananan 'yan kasuwa ba, kuma wanda ya yi ta gobara ya kamata ya tambaya a rubuce ko ta haɗa da ambaliya, domin ba kowace takarda ce ke ɗaukar asarar ruwa ba.