Komawa Bagadaza Wajen Abbasa

Duk daren da barci ya ƙaurace mini, hannuna ba ya neman sabon littafi. Tsohon nan mai yagaggen bango yake lalubowa: Al-Abbasa Ukhtur Rashid na Jurji Zaidan, wanda ya fito a 1906. Marubucin haifaffen Bairut ne, ya zauna Alƙahira, ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892, kuma kafin rasuwarsa a 1914 ya rubuta ƙagaggun labarai sama da 20 a kan tarihin Musulunci. Salonsa ɗaya ne: ya dasa masoya biyu a tsakiyar rikicin sarauta, ya bar tarihi ya yi ta wujijjiga su.

Abin da ke ɗaure kai shi ne labarin ba na daɗi ba ne. Halifa Haruna Rashid ya ɗaura auren 'yar'uwarsa Abbasa da wazirinsa Ja'afar Barmaki don su riƙa zama majalisa ɗaya, bisa sharaɗin kada su keɓe. Suka keɓe, suka haihu a ɓoye, asiri ya tonu. A shekarar 803 aka sare kan Ja'afar, gidan Barmaki ya watse.

To ina hutun a nan? A karatun farko zuciyata dukan uku-uku take yi, ina tsallake shafuka don in ga ƙarshe. Yanzu kuwa na riga na yi zaman makokin, ba sauran fargaba. Sai in ja birki a wuraren da na wuce da gudu: fadojin bakin kogin Dijla, gidan dillalin bayi, da mawaƙi Abul Atahiya da Zaidan ya mayar da shi ɗan leƙen asiri mai kwaɗayi. Kamar tatsuniyar kaka ce, wadda yaro ke hana a sauya ko kalma ɗaya cikinta.

Akwai kuma Ibn Khaldun. A Muƙaddimarsa ya yi watsi da zancen auren nan baki ɗaya, ya ce Barmakawa sun faɗi ne saboda sun kankane dukiya da mulki, har halifa ya nemi kuɗi kaɗan ya rasa. Hankalina na tare da shi. Amma da ƙarfe biyun dare, ga wuta an ɗauke, ga tocila a hannu, ban taɓa buɗe Muƙaddima ba.