Minti Talatin a Bakin Gadon Ƙanina

Bara cikin azumi ƙanina ya yanke jiki ya faɗi a rumfarmu ta albasa a Kumasi. Hawan jini ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kafin magariba an kwantar da shi a sashen kulawa ta musamman, an sa masa na'urar numfashi. Kafin isha mu goma sha bakwai ne a bakin ƙofa, har da mai riƙe da kwanon fura. Nas ta leƙo ta ce mutum biyu kawai, minti talatin, safe da yamma.

Wallahi na ji zafi. A wurinmu dubiya hakki ce, wanda bai zo ba sai an tambayi dalili. Amma kwana tara da na yi a kan bencin nan sun nuna mini abin da ban sani ba.

Na farko ƙwayoyin cuta. Mai bututu a maƙogwaro da allura a jijiya ba shi da kariya irin tamu, hannun da ya ƙirga kuɗi a kasuwa zai iya kai masa ciwo na biyu. Na biyu ƙunci: gadaje kusa da juna, wayoyi ko'ina, labule ne kaɗai tsakanin ƙanina da matar wani. Na uku ƙarancin ma'aikata. A irin wannan ɗaki ana so nas ɗaya ta kula da mutum ɗaya ko biyu, to idan tana da huɗu, ina za ta samu sukunin amsa tambayar kawu da baffa?

Mu baƙi kuma muna da namu ƙarin. Likita na magana da Turanci, nas da Twi, matar ƙanina da ta taho daga Tawa ba ta jin ko ɗaya. Sa'ar ziyarar safe ta faɗo daidai lokacin sauke kaya. Wayata kuwa ba ta huta ba, kowa na gida yana son a nuna masa majinyaci a bidiyo, abin da asibiti ya hana saboda sirrin sauran marasa lafiya.

Duk da haka ban yarda cewa minti talatin ya isa ba. 'Yata da ke karatun jinya ta nuna mini wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a irin waɗannan sassa 36 a Brazil. An bar dangi su zauna har awa 12 a rana. Kamuwa da cuta bai ƙaru ba, damuwar iyalai kuma ta ragu. Wato wani ɓangare na dokar sabo ne kawai, musamman tun annobar korona ta 2020 da aka rufe ƙofofi.

A rana ta huɗu na daina faɗa. Na samu babbar nas na ce: "Ranki ya daɗe, ki ba mu mutum ɗaya tak, matarsa. Ni zan kori sauran." Ta yarda matar ta zauna awa biyu, 'yata na yi mata tafinta. Ta wanke hannu, ta sa rigar da aka ba ta, tana yi masa addu'a a kunne. Ranar da ya buɗe ido, fuskarta ya fara gani.

Ɗan'uwa, in abin ya zo ƙofarka, Allah ya kiyaye, ku zaɓi mutum ɗaya mai jin harshen gari ya riƙa karɓar bayani yana isar wa kowa. Kada a shafa wa majinyaci komai ko a ɗura masa ruwa sai an tambayi nas, don mai bututu yana iya shaƙewa. Masu mura su tsaya gida. Sauran jama'a su haɗa kuɗin magani, su riƙe rumfar, su yi addu'a a masallacin Zango.

Ƙanina yana tafiya da sanda yanzu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.