KADA A YI GAGGAWAR TUMƁUKE ITACEN DA HUNTURU YA TAƁA

Daga Wakilinmu a Danja

Duk wanda ya ratsa ƙasar Danja a ƙarshen watan Fabrairu, daga Dabai zuwa Tandama, zai ga fadamu shar da tumatir da rake, amma idan ya leƙa bayan gidaje da gefen lambuna sai ya tarar da wani abu dabam. Zogale ya kaɗe ganye ya tsaya tsirara, lalle ya yi fari fat da ƙura, dashen gwaiba da na lemun tsami kuwa bakin ganyensu ya ƙone kamar an gitta musu wuta. A wannan lokaci ne mutane da yawa sukan ɗauki gatari su sare, ko su tumɓuke, suna zaton itacen ya mutu, alhali kuwa da sauran ransa. Ta haka wahalar shekara uku ko huɗu takan salwanta cikin yini guda, tare da ɗan abin da matan gida suke samu daga sayar da zogale da garin lalle.

Ya kamata a fahimci irin ɓarnar da hunturu yake yi. A ƙasashen Turai ƙanƙara ce take kashe tsirrai, amma a nan ƙasarmu ƙishirwa ce. Iskar da take busowa daga arewa maso gabas tun daga watan Nuwamba, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa. Ƙura kuma ta lulluɓe ganyen ta tare masa haske. Bugu da ƙari, ga awaki da aka saki bayan kaka, ga wutar daji, ga kuma gara wadda take afka wa itacen da ya raunana.

To, abu na farko shi ne a gwada kafin a yanke hukunci. A sa farce ko ƙaramar wuƙa a ɗan kankare ɓawon reshe. Idan aka ga kore mai danshi a ƙarƙashi, reshen yana da rai. Idan kuwa ya bushe, yana karyewa ƙaras, sai a gangaro ƙasa ana gwadawa har a kai inda rai yake. Ko da dukan rassa sun mutu, muddin gindi yana da ɗanyen ɓawo, akwai fatan toho.

Daga nan sai ban ruwa. Yayyafin kowace safiya ba ya kai wa saiwa. Abin da ya fi shi ne a yi wa itacen kwari a kewaye, daidai inda inuwar rassansa take ƙarewa, a cika shi da ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe ko da yamma. A rufe wurin da busasshiyar ciyawa ko ganyen rake domin danshi ya daɗe, amma a bar tazarar taƙi guda tsakanin ciyawar da jikin itacen, musamman lemo, wanda gindinsa yakan ruɓe idan ya jiƙe kullum. A riƙa ɗaga ciyawar ana duba gara.

Game da datsa kuwa, sai an yi haƙuri. A jira iska ta kwanta, sabon toho ya nuna kansa, sa'an nan a yanke busasshen reshe da kakkaifar wuƙa ko zarto, a karkace, ɗan sama da idon da ya tsiro. Zogale da lalle suna son datsa. Idan aka sare zogale daidai ƙugun mutum, yakan fito da rassa masu yawa waɗanda hannu zai kai. Mangwaro dabam ne, domin cikin hunturu yake fure, saboda haka ba a taɓa shi sai bayan an gama tsinke 'ya'yansa. Wanda yake da mangwaro ko lemo mai aure, lalle ya cire duk tsiron da ya fito ƙasa da mahaɗar auren, in ba haka ba uwar gindin za ta rinjayi irin da aka saya da tsada.

Har ila yau, kada a zuba takin zamani a busasshiyar ƙasa da nufin taimako, domin ƙone saiwa zai yi. Ruɓaɓɓen takin gargajiya shi ne na wannan lokaci, na zamani kuwa a jira sai damina ta kankama. A kuma kewaye kowane dashe da ƙaya ko dannin kara, don kuwa akuya guda ta isa ta cinye tohon wata biyu.

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga aikin malaman gona. Tun 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, nan kusa. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 da aka fara shirin Babbar Koriyar Ganuwa da su a Nijeriya, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare hamada. Sai dai kuma dashe ba ya amfani sai ya rayu, kuma tsakanin Maris da faɗuwar ruwa a watan Mayu ne zafin bazara yake ƙarasa abin da hunturu ya raunana.

Saboda haka muna kira ga magidanta da masu lambuna da shugabannin makarantu su zagaya itatuwansu tun yanzu. Ceton itace mai shekara uku ya fi sauƙi bisa ga renon sabon dashe.