Amsar Tambayarku: Ta Ina Masu WhatsApp Ke Cin Riba?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya aiko da takarda yana cewa kullum da WhatsApp yake jin farashin gero da wake daga abokan cinikinsa na ƙauye, amma bai taɓa biyan masu shi ko sisin kwabo ba. Ya ce shi dai ya san ɗan kasuwa ba ya wahalar banza. To, ta ina suke cin riba? Kuma wai da gaske ne za a fara karɓar kuɗi?

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai, kuɗin data da kake saye aljihun kamfanin layinka yake shiga, kamar MTN ko Airtel. Masu WhatsApp ba su da kaso a ciki.

Wasu mutum biyu ne, Jan Koum da Brian Acton, tsofaffin ma'aikatan kamfanin Yahoo, suka kafa WhatsApp a Amurka cikin 2009. A da can ba kyauta ba ne ɗungurungum. A ƙasashe da dama mutum kan yi shekarar farko kyauta, daga nan ya riƙa biyan kusan dala ɗaya a shekara. Su biyun kuwa sun tsani talla, har sun sha alwashin ba za su saka ta ba.

Ana nan sai a 2014 kamfanin Facebook na Mark Zuckerberg ya saye shi a kan dala miliyan dubu 19. A lokacin ma'aikatansa ba su kai 60 ba, amma masu amfani da shi sun kai miliyan 450. Ka ga ke nan ba gini aka saya ba, ba injuna ba. Jama'a aka saya. A watan Janairun 2016 aka soke dala ɗayan nan, domin mutane da yawa a ƙasashe irin namu ba su da katin bankin da za su biya da shi, kamfanin kuma ya fi son a yi yawa. A 2020 masu amfani da shi sun haura miliyan dubu 2.

Abin ya yi kama da kasuwar ƙauye. Ba a tsayar da mai saye a bakin kasuwa a ce ya biya kuɗin shiga. Mai rumfa ne ke biyan haraji, shi ma don ya ga an cika ne yake biya. Haka tun 2018 manyan kamfanoni, irin su bankuna da kamfanonin jiragen sama, ke biyan WhatsApp don su riƙa aika wa abokan hulɗarsu saƙo. Ƙaramin ɗan kasuwa kamar ka kuwa an yi masa WhatsApp Business kyauta. Akwai kuma tallar da ake sakawa a Facebook da Instagram, wadda in ka taɓa ta sai ta kai ka kai tsaye wurin mai kayan a WhatsApp. Wannan ma biya ake yi. Uwar kamfanin, wadda ta sauya suna zuwa Meta a 2021, ta samu sama da dala miliyan dubu 160 a 2024, kusan duka daga talla.

Alwashin nan fa? Ai mai kaya in ya sayar, bakinsa ya mutu. Acton ya bar kamfanin a 2017, Koum ya bi sahu a 2018, cikin Yunin 2025 kuma aka ba da sanarwar fara saka talla a wurin da ake ɗora "status".

Inda aka fi tayar da jijiyar wuya shi ne batun bayanan mutane. Kamfanin ya ce tun 2016 saƙonni a kulle suke tafiya, daga mai aikawa sai mai karɓa, shi kansa ba ya iya karantawa ko saurare. Amma ya san lambarka da irin wayarka da lokutan da kake hawa. A Janairun 2021, da ya fito da sabbin sharuɗɗa, miliyoyin mutane suka ruga Signal da Telegram, har sai da ya ɗage wa'adin amincewa daga Fabrairu zuwa Mayu. A nan gida ma, a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, kotun sauraron ƙara kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Saƙon nan kuwa da ke yawo, wai za a fara karɓar kuɗi ko a rufe maka layi sai ka tura wa mutum goma, ƙanzon kurege ne, ya yi shekaru yana zagaye. Wanda ya kamata ka kiyaye, Alhaji, shi ne mai buga maka waya ya ce ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka. In ka ba shi, ya ƙwace WhatsApp ɗinka ke nan, sai ya shiga roƙon abokan cinikinka kuɗi da sunanka.