Kitso, Mai da Kallabi: Dabarun Hana Dogon Gashi Cukurkuɗewa Jiya da Yau

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe, gashi babban rukuni ne na adon 'ya mace, shi ya sa ba a kai amarya ɗakin miji sai an yi mata kitso. Amma dogon gashi yana da wuyar riƙo. Mace takan kwanta da gashinta sumul, ta wayi gari ya cukurkuɗe, in ta sa mataji ya yi ta tsinkewa, har tsawon da aka yi shekaru ana tarawa ya zube cikin 'yan makonni. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin haka, da hanyoyi uku da matan Hausawa suka gada don rigakafinsa, da kuma canjin da kayan masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka kawo.

2.0 Dalilin Cukurkuɗewa

Kowane silin gashi yana lulluɓe da wasu ƙananan ɓawo masu hawan juna kamar na jikin kifi. In gashi yana da laima da maiƙo, ɓawon nan yakan kwanta, silin ya zame a jikin ɗan'uwansa. In kuwa ya bushe, sai ɓawon ya tashi, sili ya riƙa sarƙe sili. Gashin baƙar fata ya fi saurin bushewa, domin murɗaɗɗe ne, maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya gangarawa zuwa ƙarshensa da sauƙi. Iskar hunturu kuma takan ƙara tsananta abin.

Har ila yau, mutum yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a kowace rana. A dogon gashi, waɗannan ba sa faɗuwa ƙasa, sai su maƙale cikin 'yan'uwansu su zama tushen ƙulli. Da dare kuwa mai barci yana ta juyi, gashi yana gugar matashin kai, ƙullin yana ƙara tamkewa. Tun da gashi ba ya wuce kimanin santimita 1 a wata wajen tsiro, abin da ya karye a dare ɗaya sai an yi watanni kafin a mayar da shi.

3.0 Hanyoyin Gargajiya

Hanya ta farko ita ce kitso. Ko da yake an fi kallonsa ta fuskar ado, babban aikinsa shi ne tsare gashi wuri guda don kada ya sami damar harɗewa. Makitsiya takan tsaga kai da kibiya, ta kama gashi layi-layi, ko shuku, ko zane, ko kalaba. Wadda ta tsefe kanta ba ta sami zuwa kitso ba, takan kama shi kalaba huɗu ko shida kafin ta kwanta, ba ta barinsa a sake.

Ta biyu ita ce wanki da shafa mai. Ana jiƙa ganyen karkashi, yauƙinsa ya sa gashi santsi, a warware ƙulli da yatsu kafin a kawo mataji. Matan ƙasar Chadi ma suna amfani da wannan ganye, suna kiransa ambunu. Bayan wanki sai a bi gashi da man shanu, ko man kaɗanya, ko alayyadi. Ƙa'idar taza kuwa ita ce a fara daga ƙarshen gashi a haura zuwa tushe, domin wadda ta fara daga tushe tana tura ƙulli ne kan ƙulli.

Ta uku ita ce ɗauri. Kallabi, ko ɗankwali, bai tsaya ga suturar rana ba. Da dare shi ne shamaki tsakanin kitso da shimfiɗa. Matashin kai na dā ma ya taimaka, domin dukawa kan ɗinka shi da jemammiyar fata mai santsi, a cusa masa audugar rimi.

Harshe ya adana muhimmancin waɗannan matakai. In ana so a ce kada a rufe magana alhali matsala tana nan a ƙasa, akan ce kada a yi kitso da kwarkwata. Watau tsabtace kai yana gaba da kama shi.

4.0 Zuwan Kayan Masana'antu

Bompai ita ce unguwar masana'antu ta farko a Kano, ta fara kafuwa tun kafin samun mulkin kai a 1960. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. A waɗannan wurare aka kafa kamfanonin saƙa, da na roba, da na sabulu da man shafawa, da na jima. Yawancin masaƙun sun durƙushe daga baya, kayan ƙasar Sin suka cika Kantin Kwari, amma canjin da aka samu a ɗakunan mata ya zauna.

Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, da sauran man gashi da ake haɗawa da shi, sun ture man shanu saboda araha da ƙamshi. Sai dai basilin ba ya ƙara wa gashi laima, tsare wadda ke ciki kawai yake yi. Don haka shafa shi a busasshen gashi ba ya hana karyewa; kamata ya yi a ɗan yayyafa ruwa tukuna. Matajin roba kuma sau da yawa yana da kaifi a inda bakin injin zuba shi ya haɗu, wannan kaifi yana kankare gashi, saboda haka mai manyan haƙora masu santsi ya fi. Rigar matashi ta auduga tana tsotse mai, tana kuma gugar gashi, amma kallabin siliki ko satin yana magance wannan. Man miƙar da gashi, wato rilaksa, wani irinsa yana ɗauke da soda irin ta haɗa sabulu. Yana miƙar da gashi ne ta hanyar raunana shi.

Ga matan da ke aiki a kamfanonin nan, maganar ta wuce ado. Sakakken gashi ko leɓen mayafi yana iya shiga injin da ke juyawa, ƙura kuma tana liƙewa a gashin da aka cika wa mai. Kitso da matsattsiyar hula su ne kariya.

5.0 Kammalawa

Akwai iyaka ko a cikin rigakafin. Kitson da aka ja da ƙarfi yana cinye gashin goshi, in aka daɗe ana yi kuwa wurin ba ya sake tsirowa. Kitson da ya daɗe ƙwarai shi ma yana tara zubabben gashi a gindinsa, ranar tsifa a yi asara. Haka nan kwanciya da jiƙaƙƙen kai a ƙarƙashin kallabi tana jawo wari da ƙaiƙayi. A taƙaice, kamfani ya canza mai da mataji da ƙyalle, amma bai canza ƙa'ida ba: a jiƙa, a shafa, a kama da sassauci, a ɗaure, sannan a kwanta.