Koyo ta Hanyar Aikatawa da Taskace Ilimi a Darasin Sadarwa na Jami'o'in Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a a Nijeriya sai ya ɗauki darasin sadarwa cikin Ingilishi a shekararsa ta farko. A manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022, lambar darasin ita ce GST 111. Galibi akan tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, malami na bayani, su kuwa suna kwafa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa lacca kaɗai ba ta koyar da sadarwa, kuma abin da aka gano a aji ya cancanci a taskace shi.

2.0 Rabe-raben Ilimi

Nonaka da Takeuchi (1995), bisa ra'ayin Polanyi, sun kasa ilimi gida biyu. Akwai bayyananne, wanda ake iya rubutawa, kamar ƙa'idojin nahawu. Akwai kuma ɓoyayye, wanda yake tattare da gwaninta, kamar iya jera hujja da zaɓen kalmar da ta dace da mai sauraro. Kashi na biyun shi ne ƙashin bayan sadarwa, kuma sai da aikatawa ake samunsa, tamkar yadda ɗan koyon saƙa yake ƙwarewa a gaban masaƙi.

3.0 Dabarun Koyarwa

Bonwell da Eison (1991) sun bayyana wannan salon koyo da cewa shi ne sa ɗalibai yin aiki tare da tunani a kan abin da suke yi. Dabarar Lyman (1981) ta dace da cunkoson aji: malami ya jefa tambaya, kowa ya yi nazari shi kaɗai, ya tattauna da na kusa da shi, sannan a ji amsar wasu. Freeman da abokan aikinsa (2014) sun tattara bincike 225, inda faɗuwa jarrabawa ta kai kashi 33.8 cikin ɗari a azuzuwan lacca, amma 21.8 a na aikatawa. Ko da yake darussan kimiyya da lissafi suka duba, darasin da ginshiƙinsa magana ce ya fi su buƙatar aikatawa.

4.0 Taskace Ilimi

Idan ɗalibai suka yi magana, kurakuransu kan fito fili, kuma sau da yawa harshen uwa ne tushensu. Bahaushe kan gauraya /p/ da /f/. Bayarabe da Ibo kuwa kan rikita jinsin wakilin suna, domin harsunansu ba su bambanta "shi" da "ita". Malami kan lura da wannan, amma da ya bar aiki sai sanin ya tafi tare da shi. Ya kamata sashe ya riƙa naɗar jawaban ɗalibai da izininsu, ya tattara rubuce-rubucensu, ya rarraba kurakuran bisa harshen uwa.

5.0 Kammalawa

Irin wannan taska za ta zama jagora ga sabon malami, ta kuma samar wa masana harsunan Nijeriya bayanan nazarin cuɗanyar harsuna. Matakin farko shi ne a ware wa ɗalibi lokacin magana a kowace lacca.