Kafin ki biya kuɗin sansanin hutu, ki san abin da za a koya wa ɗanki

'Yar'uwa, hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, na kuma san wayarki ta fara cika da sanarwa: sansanin matasa, daurar hadda, bitar 'yan agaji. Kowace da hoton yara cikin fararen kaya. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne fahimtar da malaman wurin suke kai.

Bara yayata ta tura ɗanta mai shekara 13 sansanin mako biyu, don kawai maƙwabciyarta ta yaba. Gidan mijinta 'yan Tijjaniyya ne tun kaka da kakanni, surukinta ba ya fashin wazifa. Yaro ya dawo karatunsa ya gyaru, tajwidi ya zauna. Amma da magaribar farko ya ƙi bin kakansa salla, wai tsoho yana sakin hannu. Tsohon bai ce uffan ba, ya naɗe buzunsa ya shige ɗaki. Sai da aka yi wata uku ana lallashi kafin gidan ya daidaita.

Ban ga laifin malaman ba, abin da suka yarda da shi suka koyar. Da 'yan Izala ne suka tura ɗansu inda ake raya Maulidi, irin wannan rigimar za a kwasa.

Manyan ƙungiyoyin ba ɓoyayyu ba ne. An kafa Izala a Jos a 1978, Fityanul Islam ta 'yan ɗariƙa a Kano a 1963, kowace da 'yan agajinta. MSSN ta ɗalibai, mai shirya IVC a lokacin hutu, ta faro a Legas a 1954, tana kuma haɗa yara daga gidaje daban-daban. Iyaye Kirista su ma suna da irin wannan zaɓi tsakanin FCS, da ta faro a Gindiri a 1957, da ƙungiyoyin matasan ikilisiyarsu. Ƙananan shirye-shiryen unguwa, masu suna mai daɗi ba a san uwar ƙungiyarsu ba, su ne ke buƙatar bincike.

Ki taka da ƙafarki, in da hali ke da maigida. Ki ce a nuna miki littattafan. Inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, fiƙihun Malikiyya ne, wanda yawancin iyayenmu suka tashi a kai. Inda aka fi ƙarfi a Kitabut Tauhid da Bulugul Maram, kin san inda aka dosa. Ki tambayi ruwayar karatu ma: yaron da ya fara da Warshu a makarantar allo zai iya rikicewa idan aka juya shi Hafsu ba bayani.

Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce: “Malam, me kuke gaya wa yara game da waɗanda ba su bi fahimtarku ba?” Ki saurara da kyau. Wanda ya ce saɓani ne na malamai, a girmama iyaye, ni zan ba shi ɗana ko da mun ɗan bambanta. Wanda ya fara da “ai waɗannan”, ki yi masa godiya ki kama hanya.

Aikin jinya ba zai bar ni in yi shiru ba. Ki leƙa banɗaki da makwanci, ki ga ruwan da za su sha. Idan ɗanki mai sikila ne, sanyin hunturu da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon, asma kuma ba ta shiri da ƙura. Wa ke riƙe magani? Su wa ke kwana da 'yan mata? Ana bulala? Na sha wanke bayan yaro da aka farfasa da sunan tarbiyya.

Bana yayata ta je da kanta, ta zauna a bayan aji har aka tashi. Da ta dawo, surukinta ta fara kai wa jerin littattafan, ya sa tabarau ya duba ɗaya bayan ɗaya kafin ta biya.